Durowoyin Teburin Mai Agogo

Auta ce ta fara gani. Ita ke buɗe shagon mahaifinta kowace safiya, ta share dusar katako, ta jera gwangwanayen fenti kafin tsohon ya iso. Ran nan ta cire kwaɗo, ta tura ƙofa, sai ta tsaya cak da tsintsiya a hannu. Jiya da ta tashi aiki, ƙananan durowoyi shida na jere a kan benci, an lulluɓe su da tsumma. Yau tsumman ne kaɗai a yashe a ƙasa, tagar baya kuma a buɗe.

Ga teburin can tsakiyar shago yana sheƙi, baƙin katako mai nauyi, da ramuka shida a ƙirjinsa, uku sama uku ƙasa, kamar bakin tsohon da haƙoransa suka zube. Na Mai Agogo ne, mai gyaran agogo a bakin layi, wanda ya gaji da zuba 'yan ƙarafunansa a murafan kwalba. Kuma yau ɗin nan ce ranar sa durowa.

Wanda bai san layin ba zai ce mene ne na tada hankali a kan 'yan akwatunan da ba su fi tafin hannu biyu ba. To, Kafinta, mahaifin Auta, yana da wata ɗabi'a da ta ɗaga sunansa shekara arba'in. Ba ya gwada durowa. Zai auna rami da ɗan sanda, ya tsaga alama da wuƙa, ya koma benci ya yanka, ya haɗa, ya goge, ya shafa kyandir a gefe, ya ajiye. Durowa ba ta shiga raminta sai a gaban mai tebur, da 'yan kallo a tsaye. Nan zai ɗauke ta da yatsu biyu ya tura, ta shige sumul, har ka ji iskar ciki ta fito tana huci. Yakan ce mai gwaji bai yarda da idonsa ba, wanda kuwa bai yarda da idonsa ba, ya je ya sayar da gawayi.

Kafin rana ta ɗaga layi ya cika. Mutane ba a rasa su wajen gobara da wajen kamun ɓarawo, wajen ɗaukar kaya ne ake nemansu a rasa. Wani ya zagaya baya ya ga sawun takalmi a ƙarƙashin taga, dugadugin ɗaya da faci. Wani ya ce ai takalmin Bahago ne.

Bahago shekara goma sha ɗaya ya yi a ƙarƙashin Kafinta. Shi ya yi gangar jikin teburin nan da ramukansa. Wata guda da ya wuce ya ce, a gaban mai kawo aiki, katakon da Maigida ya yanka ya karkace. A ranar Kafinta ya kore shi, ya koma ƙarshen layi ya kama ɗan shago nasa. Da aka haɗa wannan da sawun, aka ce biri ya yi kama da mutum. Aka jawo shi, aka yaga masa riga, wani ya take masa hannun hagu, hannun da yake aiki da shi. Aka birkita shagonsa ba a sami komai ba, aka ce ya ɓoye. Mai Shaguna, wanda duk jerin ginin nan nasa ne, ya yanke magana: in rana ta faɗi ba a wanke Bahago ba, ya kwashe kayansa, kuma a miƙa shi ga 'yan sanda, don shi ba ya ajiye ɓarawo ƙarƙashin rufinsa.

Duk abin nan Kafinta na zaune kan kujerarsa, hannu bisa gwiwa, bai ce uffan ba. Auta ce ta aika a kira Duƙau.

* * *

Duƙau tsohon mai bin sawu ne. Tun yana matashi yake bin dabbar da ta ɓace da mutumin da ya gudu, har tafiyarsa ta zama a sunkuye, sunan ya bi shi. Shi da Kafinta tare suka tashi, a kwano ɗaya suka ci, kuma ya goya Auta a kafaɗa tun ba ta da haƙori.

Ya iso ya dubi ƙasar ƙofar shagon, ya dubi jama'a. Ya ce sun zo da ƙafafu ɗari sun tattake shaida, yanzu me suke so ya karanta musu. Ya sa aka ja baya.

Bayan shagon dai da sauran abin gani, don dusar katako ta kwanta a wurin kamar tabarma. Sawun ya fito daga lungu ya tsaya ƙarƙashin taga. Gaban takalmin ya nutse, mutumin ya yi ɗage yana leƙe, kuma ya daɗe, don ya sauya ƙafa sau uku. Sannan ya juya ya tafi da ɗan gajeren taku, yana jan ƙafa. Ƙurar da ke bakin taga ko kyanwa ba ta taka ta ba. Duƙau ya ga wannan ya haɗiye, domin ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba. Ya kuma san taron da ya ɗanɗana jini, ƙurar taga ba za ta sa ya saki mutum ba.

A ciki, zarto na rataye, guduma da gizago na wurinsu, mariƙan tagulla da za a sa wa durowoyin na cikin gwangwani, ba wanda ya taɓa. Wane irin ɓarawo ne zai bar ƙarfen da kowa zai saya, ya ɗauki akwatunan da tebur ɗaya tak suke yi wa amfani a duniya?

Ya jawo kututture ya zauna gaban abokinsa. Kafinta ya ce shi ya rufe shago jiya, don Auta ta tafi da wuri kai 'yarta asibiti. Ya lulluɓe durowoyin, ya datse kwaɗo, ya tafi gida. Taga kuwa, ƙila mantawa ya yi.

"Kana ganin Bahago ne?" in ji Duƙau.

"Ni ban ce ba."

"Ba ka ce ba, ba ka kuma hana ba."

"Mutane ne suka ga sawu, Duƙau. Ni me na sani?"

Ya miƙa hannu zai ɗauki kofin ruwa, yatsunsa suka sauka gefe, sai da ya laluba. Duƙau ya ɗauka tashin hankali ne, ya tura masa kofin, ya tashi.

* * *

Bahago na zaune cikin shagonsa da aka birkita, mutum biyu na tsaron ƙofa kamar an sa su. Hannun ya kumbura, ya naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Bai musa ba, ya ce sawun nasa ne. Ya je ne ya ga yadda fenti ya kama teburin, don shi ya yanka ƙafafunsa, kuma mutum ba ya mance abin da ya fito daga hannunsa.

Duƙau ya ce kallon fenti ba ya sa a sauya ƙafa sau uku. Me ya gani?

"Na ga tebur, Baba Duƙau."

"Da me?"

Bahago ya dubi hannunsa. "Korarre ba ya shaida. Duk abin da na faɗa yau, za a ce haushin kora ne."

Ran Duƙau ya ɓaci. Ya ce masa ko bai ji abin da Mai Shaguna ya ce ba? In ya fita layin nan da sunan ɓarawo, wa zai sake buɗe masa ɗaki ya ce auna mini gado? Aikin kafinta shiga gidajen mutane ne, suna shi ne jarinsa kafin zarto. Yana da mata, yana da 'ya'ya uku, da me zai koma musu?

"Akwai wanda ya san ban ɗauka ba," in ji Bahago. "Shi nake jira."

Daga nan ko da za a yanka shi, bai ƙara ba. Duƙau ya fito zuciyarsa na kai shi inda ba ya so. Makulli biyu ne ga shagon nan, ɗaya na hannun Auta.

* * *

Ya koma bayan shago ya sake duƙawa. Can gefen ƙofar baya akwai wani ja a ƙasa, irin na buhu, ya bi lungu ya shige wani fili inda hayaƙi ke tashi. Nan Inna mai wanki ke tafasa ruwa a rabin ganga. Shekara da shekaru Kafinta na ajiye mata buhun guntayen katako a ƙofar baya kowace yamma, ita kuma ta wanke masa rigunan aiki.

Da ta hango shi ta ce, "Ga mai neman allura ya zo. Me ka yar a gidana, tsoho?"

Ya ce ƙuruciyarsa ya yar, an ce ita ta tsinta. Ta ce da ta tsinta da tuni ta wanke ta ta shanya, don ta san da dauɗa. Suka yi 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ya tsuguna bakin murhu yana tona toka da tsinke.

Bai daɗe ba ya zaro wani guntu da wuta ta ci rabinsa. Farin katako ne marar nauyi, sirara, an goge shi kamar fuskar madubi. A ƙarshensa ga 'yan haƙoran da ake sarƙe kusurwar durowa da su, gefensa kuma da santsin kyandir.

Inna ta dafe ƙirji. Ta rantse ita buhu ta tarar a inda ta saba tararwa, sai dai ya fi kullum nauyi, kuma itacen ya yi ta ci kamar an zuba masa mai, har ta yi wa Kafinta addu'a. A farfashe ta same su. Da ta san durowa ce, ita da ke lissafin maɓallin rigar mutane kafin ta jiƙa, za ta ƙona? Ya tambaye ta ko ta ga wani. Ta ce Bahago ta gani ya wuce ta lungu, hannu rabbana, fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa, ta gaishe shi bai amsa ba.

'Yan rakiyar da suka biyo Duƙau ba su tsaya jin "hannu rabbana" ba. Ɗaya ya ce a kama tsohuwar ma, bakinsu ɗaya. Duƙau ya juya ya dube shi har ya sunkuyar da kai. Amma sauran sun riga sun ruga da labari: ashe ba sata ba ce, ƙeta ce, farfasa su aka yi aka ƙona, kuma wa ke da ƙeta in ba korarre ba? Duƙau ya tsaya da guntun katako a hannu, ya ga ya je neman ruwan kashe wuta ya dawo da kananzir.

* * *

Daga nan Duƙau ya nufi shagon Mai Agogo. Mutum ne mai ƙorafi, da gilashi a ido ɗaya. Ya ce shi ba shi da rigima da kowa, durowarsa kawai yake so. Makon jiya ma ya roƙi Kafinta ya bari a gwada ko guda ɗaya, saura kaɗan ya koro shi da zarto. Ya ƙara da cewa tsohon ya yi tsauri kwanan nan. Sau biyu yana kawo masa agogon hannunsa wai lambobin sun dushe a sake masa fuska, alhali agogo lafiyarsa ƙalau, lambobi baƙi ƙirin.

Duƙau ya yi masa sallama. Ya fito, rana ta karkata, inuwar shaguna ta haye rabin layi. Ya shiga shagon Kafinta, ya ce kowa ya ba shi wuri, har mai shagon. Ya rufe ƙofa.

Tun safe kowa benci yake kallo, inda abu ya ɓace. Ba wanda ya kalli teburin sai don ya yaba sheƙinsa. Duƙau ya zauna dirshan a ƙasa, idonsa daidai da ramukan, don shi bai iya kallon abu daga sama ba. Ya zura yatsa a bakin ramin farko.

Fentin da Auta ta shafa kwana huɗu da suka wuce ya ɗaye a nan, dama da hagu, wuri ɗan ƙanƙani kamar farce. A kan ɗayewar ga maiƙon kyandir. Ya matsa rami na biyu, haka. Na uku, haka. Duk shidan. An kawo durowa bakin kowane rami, an tura, ta ƙi shiga, ta cije bakin ramin ta bar tabo. Ya kawo idonsa kusa, ya ƙirga. Tabo ɗaya dama, ɗaya hagu, a kowane rami. Babu na biyu.

Ya daɗe zaune a ƙasa. A rayuwarsa ya bi sawun da ya kai shi daji, da wanda ya kai shi bakin kogi, bai taɓa bin wanda ya so ya ɓace masa ba sai yau. Zuciyarsa ta ce ya fita ya ce ƙasa ba ta faɗa masa komai ba. Tsoho ne, wa zai zarge shi? Sai ya tuna hannun nan mai naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Ya dafa tebur ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara.

* * *

Ya sa aka kira su ciki: Kafinta da Auta, Bahago, Inna mai wanki, Mai Agogo da Mai Shaguna. Sauran jama'a ya ce su tsaya waje, ya sa sakata. Wannan ne kaɗai rangwamen da zai iya yi wa abota.

Ya fara da Inna, ya ce ita wuta ta hura da abin da aka ba ta, ta zauna lafiya. Ya ce Bahago ya tsaya bakin taga amma bai haura ba, kuma yadda ya zo haka ya koma, ba kaya a hannunsa. Mai Shaguna ya ce wannan ba hujja ba ce, mai ƙeta na iya samun makulli. Duƙau ya ce gaskiya ne, shi ya sa ba da ita ya zo ba. Ya ce wa Mai Agogo ya sa gilashinsa ya duba bakin ramukan.

Mai Agogo ya duƙa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗago a hankali. Ya ce an gwada durowoyin. Kuma sun yi wa ramukan faɗi, ba da yawa ba, kaurin tsinken ashana.

"To ku ji," in ji Duƙau. "A ce ni maƙiyin Kafinta ne. Na shigo na gwada durowoyinsa, na ga ba sa shiga. Me zan yi? Mayar da su zan yi kan benci, in lulluɓe da tsumma, in zo da safe in sami wuri a sahun gaba. Maƙiyi ba ya ƙona abin da zai kunyata maƙiyinsa. Wanda ya farfasa durowoyin nan, sunan Kafinta yake karewa."

Mai Shaguna ya dubi Bahago, ya kau da kai.

Sai Auta ta miƙe. "Ni ce, Kawu. Na dawo daga asibiti na buɗe da makullina. Na daɗe ina ganin aikin Baba na sauyawa, na ji tsoro, na gwada. Ni na farfasa su."

Duƙau ya dube ta, ya ji kamar a ce haka ne a tashi. Amma ya tambaye ta, tunda mahaifinta ba ya rubuta lamba a bayan durowa, yaya ta san wacce ce ta wane rami? Ta ce ba ta sani ba. Ya ce to da ta farko ta ƙi shiga, me ta yi?

"Na yi ta sauya su, Kawu. Wannan nan, waccan can. Na gwada kowace a ko'ina, ko Allah zai sa."

"Haka duk mai ƙaunarsa zai yi," in ji Duƙau. "Da haka aka yi, da bakin ramukan nan ya yi kaca-kaca. Tabo ɗaya ne a kowanne, 'yata. Wanda ya gwada ya san gidan kowace durowa, ya tura sau ɗaya, da ta ƙi ya san babu kuskuren rami. Zauna. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da ta alheri ce."

Ba ta zauna ba. Ta ce ita dai ita ce, a kai ta duk inda za a kai ta. Mai Shaguna ya fara cewa to in haka ne, yarinya ta amsa da bakinta.

"Ku ƙyale min 'ya."

Kafinta ne. Tun safe sai yanzu muryarsa ta fito irin ta da.

Bai ɗago kai ba yake magana. Ya ce shekara guda ke nan hazo na rufe masa ido, yana ɓoyewa. Tsagar wuƙa a jikin sandan awo takan zame masa biyu, sai ya zaɓi ɗaya ya yanka. Ranar da Bahago ya ce katako ya karkace, ya san gaskiya ya faɗa, shi ya sa ya kore shi. Jiya da Auta ta tafi, ya tsaya shi kaɗai gaban teburin, zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Abin da bai yi ba shekara arba'in, ya yi. Ya buɗe taga don haske, ya ɗauki ta farko. Da ta shida ta ƙi, bai san lokacin da guduma ta shiga hannunsa ba. Ya zuba su a buhun Inna. Niyyarsa ya yi sammako ya riga Auta, ya ce wa Mai Agogo gam bai kama ba, a ƙara masa mako. Sai ya iso ya tarar Auta ta riga shi, layi ya cika, ana cewa ɓarawo.

"Na ce bari su lafa in yi magana. Sai na ji an ambaci Bahago. Na ce bari in tashi. Ƙafata ta ƙi."

Inna mai wanki ta ja mayafi ta rufe baki. Auta ta durƙusa gefen kujerar ubanta tana kuka marar sauti.

Duƙau ya juya wajen Bahago. "Ka gan shi ta taga."

"Na gan shi, Baba. Tun daga ta farko har ta shida." Ya dubi tsohon maigidansa. "Maigida, lokacin da suka take min hannu, fuskarka nake kallo. Na ce yanzu zai yi magana. Shekara goma sha ɗaya, na ce ba zai bari ba. Da abin ya zo kan 'yarka, ko numfashi biyu ba ka yi ba."



Mai Shaguna ya yi gyaran murya. Ya ce to, Allah ya rufa asiri, magana ta mutu a ɗakin nan. Bahago ya ci gaba da zama a shagonsa. Jama'a kuwa a ce musu an bincika ba a sami mai laifi ba, ƙila wani baƙo ne mai wucewa. Tsoho ne, a bar shi da mutuncinsa. Mai Agogo ya ce shi ma ya yarda, Bahago ya yi masa durowoyin in hannu ya warke, a wuce wurin. Duƙau ya ji sanyi a ransa, don abin da ya sa sakata dominsa ke nan.

Bahago ya girgiza kai.

"Ranka ya daɗe, ba a sami mai laifi ba, ai ni ne ke nan har in mutu. Gobe matata za ta fita ɗiban ruwa a nuna ta da baki. A layi aka ce mini ɓarawo. Ba a ɗaki za a wanke ni ba."

Auta ta ɗago ta roƙe shi, ta haɗa shi da Allah, ta tuna masa abincin da ya ci a gidansu. Ya ce bai manta ba, shi ya sa ya yi shiru tun safe, kuma ko yanzu ba zai fita ya faɗa da bakinsa ba. In Maigida ya zaɓi ya zauna, shi zai kwashe kayansa kafin rana ta faɗi, ba sai an kore shi ba.

Kowa ya dubi Duƙau, kamar shi ke da sauran dabara. Ba shi da ita. Aikinsa ya kai mutane inda sawu ya tsaya, abin da ke bayan nan ba na mai bin sawu ba ne. Ya dubi abokinsa, ya ce a hankali, "Ɗan'uwa, yaron nan bai nemi abin da ba nasa ba."

Kafinta ya daɗe zaune. A waje ana jin gunagunin jama'a, wani na bubbuga ƙofa yana tambaya ko a kira 'yan sandan ne. Can tsohon ya dafa gwiwa ya miƙe. Ya cire rigar aikinsa mai aljihun ƙusa, ya ninke, ya ɗora kan teburin. Auta ta kama hannunsa, ya zame a hankali. Ya nufi ƙofa yana laluben sakata, yatsunsa na bin katako ba su same ta ba.

Duƙau ya matso ya zare masa.

Hasken yamma ya shigo, tsohon ya runtse ido. Layi ya yi shiru, mutane suka matso, waɗanda suka yi duka da safe su ne a gaba. Kafinta ya tsaya bakin dokin ƙofa, ya ce a hankali, ba tare da ya juyo ba, "Duƙau, ba na ganin fuskokinsu. Suna da yawa?"

"Duk suna nan."

"To kira min Bahago ya tsaya gefena, su gan shi."